Lodi Ɗaya, Dillalai Biyu: Yadda Ake Gane Damfarar Dillancin Kaya a Amurka da Yadda Ake Kauce Mata

A Amurka, fiye da kashi 70 cikin 100 na nauyin kayan da ake safara a cikin ƙasa manyan motoci ne ke ɗaukarsa, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na kamfanonin da ke wannan aiki ƙanana ne, motocinsu ba su wuce goma ba. Da yawa ma mutum ɗaya ne da tirelarsa, shi ne direba shi ne akawu, kuma a cikin irin waɗannan akwai baƙi masu yawa, har da 'yan Afirka ta Yamma. Mai masana'anta a jihar Ohayo ba shi da hanyar sanin wace mota ce ta sauke kaya kusa da shi jiya take neman na komawa, shi ya sa dillali ya shiga tsakani: ya karɓi aiki daga mai kaya, ya nemo mota, ya ci la'adarsa daga tazarar da ke tsakanin abin da aka biya shi da abin da ya biya mai mota. Tun da dokar sufuri ta 1980 ta sassauta shiga wannan sana'a dillalai suka yawaita, kuma yanzu yawancin cinikin ana ƙulla shi ne ta waya da imel da shafukan tallar lodi irin su DAT da Truckstop, tsakanin mutanen da ba su taɓa ganin juna ba.

A wannan rashin sanin juna ne damfarar dillanci kan dillanci ta samu gindin zama. Yadda take shi ne, wani ya zo wa dillalin gaskiya da sunan kamfanin sufuri, ya karɓi lodi a kan cewa motarsa za ta ɗauka, alhali ba shi da niyyar ɗauka, wataƙila ma ba shi da ko taya. Sai ya juya ya sa rigar dillali, ya sake tallata lodin, ya ba wani direba na gaskiya wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Direban ya kai kaya lafiya, ya aika takardar shaidar saukewa, ɗan damfara ya miƙa ta ga dillalin farko ya karɓi kuɗi, ya kashe waya. Wanda ya ƙona mai, ya kwana a hanya, shi ke tashi a tutar babu. Akwai kuma salon da ya fi wannan muni, inda ba kuɗin dakon ake hari ba, kayan ne kansu: a tsakiyar tafiya sai a kira direba a ce an sauya wurin saukewa, ya kai su wani sito, daga nan su ɓace. Ya kamata a bambanta wannan da haɗin gwiwar dillalai biyu masu lasisi, wanda halal ne muddin mai kaya ya sani ya kuma amince a rubuce. Abin da ke mai da shi damfara shi ne ɓoyewa.

Matsayata a nan ɗaya ce. Wannan damfara ba ta rayuwa sai inda sunan da ke kan takarda ya rabu da mutumin da ke riƙe da sitiyari, kuma babu wanda ya tsaya ya gwada su. Saboda haka maganinta ba ya ga kaifin ido ko iya shinshino maƙaryaci, domin gwanayen wannan aiki sun fi mai gaskiya iya magana da tsabtar takardu. Maganinta ƙa'ida ce da ake bi a kowane lodi ba tare da duban fuska ba: a tabbatar da kowa ta hanyar da mutum ya samo da kansa, ba wadda aka miƙo masa ba, sannan a sake gwada sunaye a bakin sito kafin kaya su hau mota. Wanda ya san yadda ɗan kamasho ke haɗa mai hatsi da direba a kasuwar Dawanau zai gane abin da ya ɓace a Amurka: a Dawanau akwai wanda ya san direban, ya san garejinsa, ya san mai gidansa. A Amurka wannan sanayya ba ta nan, dole a gina madadinta da hannu a kowace rana.

Kafin a zo kan matakai, sai an san yadda ɗan damfara ke samun sunan da yake aiki da shi. Hukumar da ke rajistar kamfanonin sufuri da dillalai ita ce FMCSA, wadda ke ƙarƙashin ma'aikatar sufuri ta tarayya. Ita ke ba da lambar USDOT da lambar izinin aiki da aka fi sani da MC, kuma kuɗin neman izini dala 300 ne. Hanya ta farko ke nan: a buɗe sabon kamfani a takarda, a ci kasuwa da shi na 'yan makonni, idan sunansa ya ɓaci a yar da shi a buɗe wani. Da dillalai suka fara gudun sababbin lambobi, sai aka koma hanya ta biyu, wato sayen tsohuwar lamba mai tarihi mai kyau daga mai motar da ya gaji ya bar sana'a, musamman tun daga 2022 da farashin dako ya faɗi ƙananan kamfanoni suka riƙa rufewa. Hanya ta uku sata ce kai tsaye: a aiko wa mai mota imel da ke kama da na hukuma ko na shafin tallar lodi, ya shigar da kalmar sirrinsa, su kuma su shiga da ita su sauya lambar waya da adireshin imel ɗin da ke rajistarsa. Ta huɗu ita ce mafi sauƙi, a buɗe adireshin imel da ya yi kama da na sanannen kamfani, harafi ɗaya kawai ya bambanta. Duk hanyoyin huɗu abu ɗaya suke dogaro da shi: cewa wanda aka tuntuɓa zai amsa ta inda aka same shi.

Abin da ya faru a watan Nuwamba na 2024 ya nuna iyakar ta'adin. Tirela biyu ɗauke da kwalaben barasar kamfanin Santo kimanin 24,000, da darajarsu ta haura dala miliyan ɗaya, sun tashi daga Laredo a jihar Tekzas za su Fensilbaniya. An miƙa aikin daga hannu zuwa hannu har ya faɗa wurin kamfanonin bogi. Kwanaki ana aiko wa masu kayan saƙon cewa mota ta samu matsala a hanya, na'urar bin sawu kuma tana nuna kaya sun doshi inda aka aike su, alhali bayanan na jabu ne. Daga baya aka gano wani ɓangare na kayan a Los Anjeles, can gaɓar yamma. Kamfanin CargoNet, wanda ke tattara rahoton satar kaya a Amurka da Kanada, ya ƙirga aukuwa 3,625 a 2024, ƙarin kashi 27 cikin 100 a kan shekarar da ta gabace ta. Darasin Laredo shi ne, duk bayanin da masu kayan ke dubawa daga hannun ɓarayin yake fitowa. Wurin da za a iya kama ƙaryar ɗaya ne, ranar ɗaukar kaya, kuma ya riga ya wuce.

Mu fara da mai mota, domin shi ya fi shan wahala. Idan ka ga lodi ya yi maka, matakin farko shi ne ka ɗauki lambar MC ɗin mai tallar ka duba ta a shafin hukuma, wato SAFER da sashen lasisi da inshora. Abu biyu kake nema: shin izinin dillanci yake da shi ko na sufuri kawai, kuma shin izinin yana raye. Kamfanin da ke da izinin sufuri kaɗai ba shi da hurumin ba ka lodi a matsayin dillali. Ka duba kuma ko yana da lamunin dala 75,000 da doka ta wajabta wa kowane dillali, ka rubuta sunan kamfanin da ya tsaya masa. Mataki na biyu, wanda ya fi kowanne muhimmanci: kada ka kira lambar da ke cikin imel ko a kan takardar farashi. Ka kira wadda ke cikin rajistar hukuma ko babban layin kamfanin da ka nemo da kanka, ka faɗi lambar lodin da sunan wanda kuka yi magana, ka ji ko sun san shi. Idan ka ga alamar an sauya waya ko adireshin rajistar kwanan nan, ka nemi hanya ta biyu, misali kamfanin da ke sayen bashinka yana ba ka kuɗi nan take, domin irin waɗannan kamfanoni suna riƙe da tarihin biyan kowane dillali kuma sukan duba maka kafin ka ɗauka.

Na uku, ka karanta takardar yarjejeniyar farashi a natse: suna, lambar MC, adireshi da imel su zo daidai da na rajista harafi da harafi. Na huɗu, ka auna farashin. Wanda ba shi da niyyar biya ba ya jin ciwon yin alkawari, shi ya sa lodin damfara yakan fi na kasuwa tsoka, kuma yakan zo da gaggawa, a ce yanzu-yanzu ko a ba wani. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Na biyar shi ne bakin sito. Idan aka ce maka in ka isa ka ce daga kamfani kaza kake, ba sunan da ke jikin motarka ba, to magana ta ƙare, wannan ita ce alama mafi bayyana a duk sana'ar. Ka dubi takardar lodi ka ga sunan wa aka rubuta a gurbin mai ɗauka. Ka tambayi akawun sito wane dillali suka ba aikin. In sunan da ya faɗa ba shi ne wanda ke takardarka ba, kada a ɗora maka ko kwali ɗaya sai ka kira wancan dillalin. In komai ya daidaita, ka tabbata sunan kamfaninka da lambarka suna kan takardar kafin ka sa hannu, ka ɗauki hotonta. Na shida, duk wanda ya kira ka a hanya ya ce an sauya wurin saukewa, ka tsaya ka tabbatar daga bakin mai kaya ko mai karɓa ta lambar da ke kan takardar lodi.

Dillali da mai kaya kuma nasu aikin ya fi faɗi, domin su ke riƙe da ƙofa. Kafin a ba kamfani lodi, a dubi shekarun izininsa, yawan motocin da ya bayyana, da tarihin binciken da jami'an hanya suka yi wa motocinsa. Kamfanin da ya ce yana da mota biyu amma yana karɓar lodi goma a rana a jihohi daban-daban, ko wanda ya shekara yana aiki ba a taɓa tsayar da motarsa a ma'auni ba, ya cancanci ƙarin tambaya. A karɓi shaidar inshora kai tsaye daga wakilin kamfanin inshorar, ba daga hannun mai neman aiki ba, a kuma tabbata motar da za ta zo tana cikin waɗanda inshorar ta rufe. Doka ta ɗora wa mai dakon kaya na yau da kullum inshorar haɗari ta aƙalla dala 750,000, amma idan wata mota dabam ce ta ɗauki kayan, wannan takarda ba ta da amfani ranar da aka yi karo. A rubuta a yarjejeniya cewa ba a yarda a miƙa lodi ga wani ba sai da izini a rubuce. Sannan a karɓi sunan direba, lambar kan mota da ta tirela, a aika wa sito tun kafin motar ta iso. Ma'aikacin sito ya fita ya dubi ƙofar mota, inda doka ta ce dole a rubuta sunan kamfani da lambar USDOT a gefe biyu, ya gwada lasisin direba da sunan da aka aiko, ya ɗauki hoto. Rubutun da aka manna da takarda ko aka liƙa a gaggauce abin tuhuma ne. Bin sawu kuma ya fi aminci idan daga na'urar da ke jikin injin mota yake fitowa, wadda aka wajabta wa yawancin direbobi tun Disambar 2017, ba daga wayar hannu ba. Duk buƙatar sauya asusun da ake biyan kuɗi a ciki, a tabbatar da ita ta tsohuwar lambar da aka saba.

Za a ce wannan duka ɓata lokaci ne, lodi mai kyau ba ya jiran mai bincike. Gaskiya ne cewa a shafukan talla mintoci kaɗan ke raba mai samu da mai rashi. Amma a yi lissafi: duba rajista da kiran waya ɗaya ba su kai rubu'in awa ba, lodin da ba a biya ba kuwa yana cinye kuɗin mai, kuɗin hanya da kwanakin da motar za ta yi wani aikin, ga watannin bin bashi. Kuma dillalin gaskiya ba ya fushi don an kira ofishinsa an tabbatar. Wanda ke tsananta gaggawa har ya hana ka kira, ya riga ya ba ka amsa. Za a kuma ce wannan tsauri yana zaluntar sababbin masu mota, waɗanda dillalai da yawa ke ƙin ba su aiki sai izininsu ya yi watanni. Wannan ƙorafi yana da tushe, kuma hujja ce a gare ni, ba a kaina ba. Ƙin sabuwar lamba kawai malalacin bincike ne: yana korar mai gaskiyar da ya fara jiya, yana buɗe wa ɓarawon da ya sayi lamba mai shekara goma ƙofa. Wanda ya gwada direba da mota a bakin sito ba ya bukatar hukunta mutum da shekarun lambarsa. Haka nan direban da ya ba da hayar motarsa ga wani kamfani yana aiki da sunansa, ba laifi ya yi ba, sai dai a san da hakan a takarda tun kafin ya iso.

Wasu kuma sun sakankance da manhajojin tantancewa irin su Carrier411 da Highway. Suna da amfani ƙwarai, suna tona adireshin da kamfanoni da yawa ke rabawa, suna nuna ƙorafin da aka taɓa yi. Amma manhaja tana tantance kamfani ne, ba ta ganin wanda ya faka a ƙofar sito, kuma idan aka sace shigar kamfani mai tsabta, tsabtar za ta nuna. Masu cewa aikin hukuma ne su ma ba su yi ƙarya ba. Dokar MAP-21 ta 2012 ta ɗaga lamunin dillali daga dala 10,000 zuwa 75,000, ta kuma sa tarar da ta kai dala 10,000 a kan kowane dillanci marar izini. Sai dai wani hukuncin alƙalin ma'aikata a 2019 ya ce FMCSA ba ta da ikon cin wannan tara da kanta, sai ta bi ta kotu. A 2023 hukumar ta fitar da ƙa'idar dakatar da dillalin da lamuninsa ya ragu bai cike ba cikin kwana bakwai, a 2025 kuma ta fara neman katin shaida da hoton fuska daga masu sabuwar rajista. Ƙungiyar dillalai ta TIA da ta masu mota ta OOIDA, duk da saɓaninsu a wasu batutuwa, sun daɗe suna neman a ƙara tsanantawa. Ci gaba ne, amma dala 75,000 ba ta isa komai idan masu bin bashi sun kai hamsin, kuma wanda ke aiki daga wata ƙasa da sunan aro ba ya tsoron tara.

Idan kuma an riga an faɗa, akwai abin yi da abin bari. Abin bari shi ne riƙe kaya a matsayin garkuwa har sai an biya. Wannan yana mai da wanda aka zalunta abin tuhuma, yana iya jawo masa ƙara da ɓacin suna. Abin yi shi ne a nemi dillalin asali da mai kaya nan take, tun kaya suna kan mota in da hali, domin in ba a riga an biya ɗan damfara ba, sau da yawa ana iya tsayar da kuɗin a ƙulla sabuwar yarjejeniya da wanda ya yi dakon. A adana takardar farashi, takardar lodi, shaidar saukewa, saƙonni da lambobin waya. A shigar da buƙata wurin kamfanin da ya tsaya wa dillali lamuni ba tare da jinkiri ba, a kai ƙorafi rumbun ƙorafe-ƙorafe na FMCSA, a sanar da shafin da aka ga tallar, in an sace kaya a kira 'yan sanda da kamfanin inshora a ranar. Doka ta wajabta wa dillali ajiye bayanin kowane ciniki na shekara uku, kuma kowane ɓangare na da haƙƙin ganinsa. Mai kaya ma kada ya ɗauka biyan dillali ya wanke shi: a shari'ar Oak Harbor da Sears a 2008, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce Sears ya biya kamfanin da ya yi dako duk da ya riga ya biya dillalin da ya gaza. Hukunci yakan bambanta gwargwadon abin da takardu suka ƙunsa, don haka a nemi lauyan da ya san harkar sufuri, amma wannan ya isa ya nuna cewa sunan da ke kan takardar lodi shi ne makamin direba, kuma sakacin sito yana iya sa mai kaya biya sau biyu.

Saboda haka kowa ya riƙe nasa. Mai mota, kada ka tayar da inji sai ka ji muryar dillali ta lambar da ka nemo da kanka, kuma kada ka taɓa shiga sito da sunan da ba naka ba, komai daɗin farashin. Dillali, ka aika sunan direba da lambar mota kafin su iso. Mai kaya, ka ba ma'aikacin sitonka ikon ya ce a'a idan sunaye ba su zo ɗaya ba, kuma kada ka hukunta shi don mota ta yi jinkiri. Ku mai da wannan dokar gida a kowane lodi, har da na wanda kuka saba da shi, domin sunan wanda aka saba da shi ne ɓarawo ya fi so ya ara.